Takardar Haihuwar da Aka Ara wa Talle

Lahadi, 4 ga Oktoba, ƙarfe 1:20 na rana

Mudir, wato manajan kamfaninmu a nan Riyad, ya kira ni ofis ya ce akwai baƙo daga Najeriya ranar Laraba, ɗan majalisa ne, kuma shi da bakinsa ya ce ni yake so in tuƙa shi. Ya juyo mini da kwamfutar don in ga sunan. Honorabul Idrisu Lawali. Na ce masa tamam, na fito na zauna a mota, shinkafar kabsa da na saya ta huce a kujerar gefe ban taɓa ta ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan ina ganin sunan nan a jikin wani. Nawa ne. Ni aka raɗa wa shi a Tudun Jukun ta Zariya, mahaifina Malam Lawali mai gyaran keke shi ya yanka ragon. Wanda ke yawo da shi a allunan kamfen sunansa Badamasi, maraya ne na maƙwabta, Talle muke ce masa, a kwanonmu ya girma. Yanzu ni ne Badamasi a fasfo, a iƙama, wato takardar izinin zama, a lasin tuƙi, har a takardun makarantar 'yata Nazira. Na rubuta wannan sau ɗaya don in huta, ba zan sake ba.

Litinin, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Na gaya wa matata Zuhura. Tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Mutumin da shekara tara ko barka da salla bai aiko maka ba? Abu Nazira, wannan ba zumunci ya kawo shi ba."

Na ce taro ya zo, na masu zuba jari a harkar wasanni.

"Taron ne ya ce masa duk direbobin Riyad sai kai?"

A nan aka haifi Zuhura, iyayenta mutanen Damagaram ne, Najeriya sau ɗaya ta taka ta dawo da zazzaɓi. Iƙamarta da ta Nazira a jikin tawa suke rataye. In tawa ta faɗi, tasu ma ta faɗi, kuma ta fi ni sanin haka.

Talata, 6 ga Oktoba, ƙarfe 9:40 na safe

Ina jiran wani Bature a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Ya ce minti biyar, ga shi an kusa awa.

Na ce ba zan sake ba, ga ni ina sakewa.

Wani Bajapane, Malam Sato, ya zo koyar da lissafi a sakandarenmu da jaka cike da sanduna da safar hannu ta fata. Besbol, in ji shi. Mutanen unguwa suka ce wasan mahaukata ne, mutum ya bugi ƙwallo da taɓarya ya ruga da gudu. Talle ba ɗalibi ba ne, a shagon Baba yake liƙin taya, amma ranar da ya zo kallo aka ba shi ƙwallon ya jefa, Malam Sato sai da ya cire tabarau ya goge. Shi ya zama mai jifa, ni mai cafewa. Ina tsugune a bayan mai duka, ragar ƙarfe a fuskata, ina nuna masa da yatsu irin jifar da zai yi. Zan faɗi gaskiya ko da ba na so: hannun nan Allah ne ya ba shi. Manuniyata ta hagu har yau a karkace take.

A gasar ƙasa masu neman 'yan wasa daga ƙasar waje suka gan shi suka ce suna so, amma ba sa ɗaukar wanda ya wuce sha takwas. Talle yana da ashirin da biyu, ni sha bakwai. Ba mu muka fara ba, 'yan ƙwallon ƙafa ma haka suke yi, a ari takardar ƙane a rage shekaru. Baba ya buɗe adaka ya ciro takardar haihuwata da ta firamare. Ya ce, "Takarda ce kawai. In ya dawo ya maido."

Bayan shekara uku na tashi zuwa nan, aka ce ai akwai fasfo mai wannan suna da wannan ranar haihuwa da wannan uba. Talle ya aiko mini da nasa takardun. Ban yi gardama ba, don kamfanin ma sun fi son direba mai shekaru. Wannan ɓangaren ba na son tuna shi, saboda a nan babu wanda ya cuce ni.

Shi kuwa ya yi shekara shida a wani ƙaramin rukuni a Japan, biyu a Meziko, kafaɗa ta mutu, ya koma gida da laƙabin Harsashi. Ciyaman na ƙaramar hukuma, majalisar wakilai sau biyu, yanzu sanata yake nema. Na ga kamfen ɗinsa a waya. Yana tsaye kan buɗaɗɗiyar mota yana jefa wa jama'a ƙwallaye masu hotonsa, magidanta da gemu suna turmutsutsu a cikin kwata don su samu. Bai maido takardar ba har Baba ya rasu, kuma a sadakar bakwai shi ya zauna a kan tabarmar 'ya'ya yana amsar gaisuwa, ni ina nan ban samu izinin fita ba.

Baturen ya fito.

Laraba, 7 ga Oktoba, ƙarfe 5:15 na yamma

Ya iso. Ya yi tumbi, wuya ya haɗe da kafaɗa. Ya rungume ni a gaban mutane, mai kyamararsa yana ɗauka, yana ta cewa "Badamasina, ƙanena, ƙanena." Turaren da ya sa zai iya korar sauro daga ɗaki uku. Tare da shi akwai wata lauya, Barista Jamilatu, siririya mai tabarau, ba ta gaishe ni ba amma ta ƙare mini kallo kamar mai taya akuya.

Daga filin jirgi zuwa otal ya yi waya tara. Kowace da "Idrisu ne ke magana" yake farawa. A ta uku na kusa amsawa.

Alhamis, 8 ga Oktoba, ƙarfe 3:00 na rana

Zuhura ta yi gaskiya, kuma na tsani in tana da gaskiya.

Bayan azahar ya ce in hawo ɗakinsa. Na shiga na ce, "Yaya Talle, ga ni." Lauyar ta zabura ta dubi ƙofa. Shi kuma murmushin ya ɗauke masa cak.

Ya ce, "Kada ka ƙara kirana da wannan."

Ita ta yi bayanin. Abokin hamayyarsa ya kai shi kotu, wai takardun da ya miƙa ba nasa ba ne, wai Idrisun gaskiya yana Saudiyya yana tuƙi. Ta ce, "Abu ne mai sauƙi, Malam Badamasi. Za ka yi alwala, ka dafa Alƙur'ani, ka ce tun haihuwa kai ne Badamasi, kuma Honorabul shi ne ɗan Malam Lawali na cikinsa. Mu ɗauka a bidiyo, ka sa hannu a takarda. Kotu takarda take so, jama'a kuma rantsuwa suke so."

Na ce, "In na ƙi fa?"

Yana cin dabino. Sai da ya tsotse ƙwallon ya tofa a kofin shayin da bai gama sha ba, sannan ya ce, "Ƙanena, abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai. In kotu ta ce ni ba Idrisu ba ne, to kai ma ba Badamasi ba ne. Ni kujera kawai zan rasa. Kai fa? Shekara goma sha tara basmarka, zanen yatsunka, tana kan sunan nan. Ka fi ni sanin yadda ake yi da mai takardar wani a ƙasar nan. Tarhil ne, a tasa ƙeyarku gida, kai da matarka da 'yarka, da kayan jikinku."

Bai ɗaga murya ba. Har da miƙo mini farantin dabinon. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne babu ƙarya ko ɗaya a maganar.

Na ce a ba ni lokaci. Ya ce Talata zai tafi.

Juma'a, 9 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Na tare Malam Mamane a ƙofar masallacinmu na Gubaira. Mutumin Maraɗi ne, da rana yana gadi, da yamma yana karantar da mu. Na ce wani abokina ne yake tambaya, in mutum ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya don ya tsare iyalinsa, azumi nawa ne kaffararsa.

Yana neman takalminsa ɗaya a cikin tarin takalma. Ya ce, "Wanda ya ce zai yi abu bai yi ba, shi ne mai kaffara. Amma wanda ya san ƙarya ce ya dafa Littafi a kanta, malamai da yawa sun ce ba ta da kaffara. Ita ake kira mai dulmiyarwa, don dulmiya mai ita take yi." Ya samu takalmin, ya sa, ya dube ni. "Ka gaida abokin naka. Ka ce masa ya rage tunani, duk ya rame."

Asabar, 10 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe

Tir da yau.

Da sassafe ya ce in kai su wani lambu a Malaz. Muna isa mai kyamara ya ciro sabuwar safar hannu da ƙwallo daga jaka, ko takardar farashin ba a cire ba. Wai a ɗauki Harsashi yana jifa ga tsohon mai cafe masa. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki. Ni na tsuguna a kan ciyawa da kayan aikin kamfani, gwiwoyina suna ƙara.

Jifar farko a ƙasa ta faɗi. Ta biyu ta wuce kaina ta nufi wasu matan Filifin da ke shan iska. Ta uku ya riƙe kafaɗa yana nishi. Hannun nan da ya karya mini yatsa, yau ko kaza ba zai kora ba. Na yi zaton zan ji daɗi, sai na ji kunya, kamar ni na yi jifar.

Ya matso dab da ni ya ce a hankali, "Ka gyara mini mana, kamar da."

Kowane mai cafewa ya san wannan. In ƙwallo ta ɗan kauce, ba ka bin ta da jiki. Ka tsaya cak, ka cafe, ka murɗo wuyan hannu ciki kaɗan, sai alƙalin wasa ya ga kamar daidai ta zo. Na fi kowa iyawa a zamaninmu. Rabin wasannin da aka yi masa tafi, wuyan hannuna ne ya ci su, kuma shi kaɗai ya sani.

Jifa ta sha huɗu ta iso da kyar, a karkace. Ban yi niyya ba, hannun ne ya yi abinsa. Mai kyamara ya ce ta yi, kamar a talabijin.

Da muke komawa mota ya dafa ni ya ce, "Ka gani? Abin da nake roƙonka ke nan, ba wani sabo ba. Ni in jefa, kai ka gyara."

Na wanke hannu sau uku, har yanzu warin sabuwar fata nake ji.

Lahadi, 11 ga Oktoba, ƙarfe 7:00 na safe

Ko shayi ba ya shiga.

Litinin, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Nazira ta dawo daga gidan ƙawarta da waya a hannu tana dariya. Shekararta goma sha biyu, Larabcinta ya fi Hausarta.

"Baba, wallah kai ne? Shuf, shuf, duba, kana tsugune kamar mai wanke-wanke."

Bidiyon lambu ne. An yanke jifa goma sha uku, an bar ɗaya, an sa kiɗa. A ƙasa an rubuta: Honorabul Idrisu Lawali tare da amininsa na yarinta, Badamasi, a birnin Riyad. Ashe ba don tuna baya aka tsugunar da ni ba. Ko rantsuwar ban yi ba an riga an fara shaida da fuskata.

Da yarinyar ta shiga ɗaki Zuhura ta ce, "Ka yi musu mana, ka tuba daga baya. Allah ya san abin da ya sa."

Na ce in dafa Alƙur'ani in ce ubana ba ubana ba ne?

Ta ce, "Shekara goma sha tara kana faɗa wa jawazat, ofishin shige da fice, haka duk sabunta iƙama."

Na ce wannan takarda ce kawai. Sai da maganar ta fita na ji muryar wanda ya fara faɗinta.

Ta ce, "Ni dai ina zan kai yarinyar nan? Garin da ba ta iya sayen gishiri da yarensu ba?"

Ta shiga ɗaki ta rufe. Ba ta buga ƙofar ba, da ta buga da ya fi mini sauƙi.

Talata, 13 ga Oktoba, ƙarfe 4:45 na yamma

Na ƙi.

A hanyar filin jirgi na faɗa masa. Na ce, "Honorabul, ba zan fasa maka ƙwai ba, ko wa ya neme ni ba zan yi magana ba. Amma Alƙur'ani ba zan dafa ba." Muryata ko rawa ba ta yi ba. Lauyar ta fara wani dogon Turanci, ya ɗaga mata hannu.

Ya ce, "Ƙyale shi, Barista. Tun muna yara haka yake, ya fi liman tsarki." Muka wuce fitila biyu. Sannan ya ce, "Gogo dai tana nan da ƙarfinta ko? Na daɗe ban leƙa ta ba. Juma'a ta sama, ashirin da uku ga wata, zan shiga Zariya. Sai mu biya da Barista mu gaishe ta."

Lauyar ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

Gogo mahaifiyata ce, shekararta saba'in da wani abu. Gaisuwa ce. Mutum ba zai gaida matar da ta ciyar da shi shekara goma sha biyar ba?

Ya bar mini safar hannun a kujerar baya. Na jefa ta a kwandon shara na gidan mai.

Laraba, 14 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na safe

Na yi barci har Zuhura ce ta tashe ni asuba. Na ci ƙwai uku da burodi. Na ji ni sakayau. Mutum in bai saɓa wa Ubangijinsa ba, har tafiyarsa daban take.

Alhamis, 15 ga Oktoba, ƙarfe 2:00 na rana

Turarensa ya ƙi fita daga motar. Na kai an wanke kujeru, na ƙona turaren wuta, na bar gilasai a buɗe. Wani fasinja ya ce ƙamshin motata ya yi masa daɗi, na ji kamar in sauke shi a tsakiyar titi.

Na gaya wa Zuhura maganar da ya yi a hanya. Ban san abin da ya sa na gaya mata ba. Ta ajiye abin guga ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Ka kira Gogo?"

Na ce gobe Juma'a, ranar kiranta ce dama.

Juma'a, 16 ga Oktoba, ƙarfe 5:00 na yamma

Na kira.

Ta ce, "Kai ne? Ya mutanen gidan? Ya 'yar Balarabiyata?"

Mun yi maganar gwiwarta. Mun yi maganar katangar bayan gida da damina ta cinye. Ta ce akuyarta ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Sai can ta ce, "Talle ya aiko wai yana nan tafe Juma'a mai zuwa. An kawo shinkafa da atamfa. Yaron da ya manta hanyar gidan nan. Lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Gogo."

Minti ashirin da shida muka yi. Mun koma kan akuyar.

Asabar, 17 ga Oktoba, tsakar rana

Ba lallai ba ne abin da nake zato. Ko Talle yana da iyaka.

Lahadi, 18 ga Oktoba, ƙarfe 8:10 na safe

Ba shi da ita. Na san shi.

Litinin, 19 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Komai ƙazanta nake gani. Mai baƙalar layinmu, wato mai kanti, yana lasar yatsa kafin ya ɓare leda. Abokan aiki suna cin abinci baki buɗe suna gardamar siyasar gida, wannan ya ce Harsashi ya gina musu rijiya, wancan ya ce ɓarawo ne. Wani ya ce, "Kai Badamasi, ashe amininka ne, ka sa mu a hanya mana." Na yi musu dariya. Na ga haƙorana a madubin mota ina dariyar, na kawar da kai.

Lambar Barista Jamilatu tana wayata. Ta ce ko da wane lokaci na canza shawara, akwai wanda zai zo da kyamara cikin awa biyu.

Ban kira ta ba. Ban kira Gogo ba.

Laraba, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Zuhura ta aiki Nazira gidan yayarta don ta samu sararina.

Ta ce, "Hanya biyu ce, Abu Nazira. Ko ka kira lauyar nan ka rantse da kanka, a ƙyale tsohuwa. Ko ka kira Gogo ka ce kada ta yarda, mu fara ɗaure kaya. Na fi son ta farko, ban ɓoye maka ba. Amma ko ta biyun ka zaɓa zan bi ka, zan yi kuka in bi ka."

Na ce ina tunani.

"Ba tunani kake ba. Jira kake Juma'a ta wuce. Kana so a shiga wutar a madadinka, kai ka fito da farar riga, iƙama kuma tana aljihu."

Na ce ta iya bakinta.

Ta ce, "Shi aƙalla ya san shi mugu ne."

Na fita na zagaya Gubaira a ƙafa har aka kira magariba. Na wuce masu walda, na wuce masu gyaran firiji, na dawo ta bayan masallaci don kada in haɗu da Malam Mamane.

Alhamis, 22 ga Oktoba, ƙarfe 10:00 na safe

Akwai sauran lokaci.

Alhamis, ƙarfe 6:20 na yamma

Waya ta mutu, caja tana mota. Motar tana ƙofar gida.

Juma'a, 23 ga Oktoba, bayan magariba

Mutum bakwai suka turo mini wani bidiyo, kowa da "Allahu akbar, gaskiya ta yi halinta."

Tsakar gidanmu ne. Ga turmin, ga igiyar shanya. Gogo tana kan kujera 'yar tsugunne cikin sabuwar atamfa da ko ninkin kanti bai baje ba. Talle yana zaune a tabarma wajen ƙafarta, ya cire hula, ya sunkuyar da kai kamar na kirki. Alƙur'anin da ke cinyarta na Baba ne, na gane gafakarsa.

Ta dafa shi da dama, ta ɗora hagu a kan Talle. Ta ce, "Wannan da ke zaune ɗana ne, ni na haife shi, ubansa Malam Lawali."

Aka ji muryar lauyar daga gefe: "Ki faɗi sunansa, Gogo. Da ƙarfi."

Ni ne ɗan farinta. Tunda nake a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko Idrisu mai kayan miya na bakin kasuwa, "mai sunan ɗan nan" take ce masa. Ina yaro na sha ɓuya a bayan rumbu don in ga ko za ta kira ni da shi, sai dai ta aiko ƙanwata.

Ta dubi ƙasa. Leɓenta ya motsa babu sauti. Wata mata a baya ta ce "a'a" a hankali, aka ce mata shit. Sannan ta faɗa. Aka ce iska ta ɗauke, ta sake. Ta sake faɗa.

Ashe haka yake fita a bakinta. Tana ɗan jan ƙarshensa.

Saƙon Talle ya shigo ina cikin kallo na huɗu: An wuce wurin, ƙanena. Ka gaida iyali.

Zuhura ta kawo abinci ta ajiye, ta ɗauke bayan awa ɗaya. Iƙamarmu ta tsira.

Asabar, 24 ga Oktoba, ƙarfe 9:00 na safe

Na kira. Sai da ta yi ƙara har ta kusa katsewa.

Ta ce, "Yanzu ba za su taɓa ku ba ko?"

Na ce ba za su taɓa mu ba.

"To alhamdu lillahi. Ya ce in ban yi ba ɗaure ka za a yi a can, a watso jikata a titi. Na ce wuta dai ce, in ta kama gara ni, na riga na ci zamanina." Ta yi tari. "Kai da ka san abin da zai kawo shi, ai da ka gaya mini in shirya ko? Jikina duk rawa ya riƙa yi a gaban mutane."

Na ce, "Ban sani ba, Gogo."

Babu Alƙur'ani a hannuna, ko alwala ba ni da ita. Maganar ta fita sumul.

Ta ce, "Na san ba ka sani ba." Ina jin akuyar tana kuka a bayanta. "Litinin za su kai ni kotu in maimaita. Lauyar ta ce daga yau in riƙa kiranka da ɗaya sunan, don bakina ya saba, kada in yi tuntuɓe a gaban alƙali. Bari in gwada."

Na ƙara manna wayar a kunne.

Ta ce, "Badamasi."

Ba ta dubi ƙasa ba, ko daga nan na sani. Babu kunyar da za ta ji, sunan ɗan maƙwabta ne.

Na ce, "Na'am, Gogo."